Abin da Doka Ta Ce Idan Makami Mai Linzami Ya Nufo Jirgin Ruwan Yaƙi

Zariya ba ta da teku, amma duk mazaunin Palladan ko Samaru ya saba da ƙarar ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, kuma cikin ɗaliban da ke tuƙa su akwai waɗanda wata rana za su ɗauki fasinja su ratsa sararin Tekun Fasha ko Bahar Maliya, inda jiragen ruwan yaƙi ke girke da makaman kakkaɓo abin da ke sama. Alhazanmu ma sai sun ƙetare Bahar Maliya kafin su sauka Jidda. Don haka dokar da ta tsara lokacin da kwamandan jirgin ruwa zai ba da umarnin harbi ta shafe mu.

Tushenta shi ne Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, wanda ya haramta wa ƙasashe amfani da ƙarfin soja a kan juna, sannan Sashe na 51 ya keɓe haƙƙin kare kai idan an kawo hari da makami, bisa sharaɗin a sanar da Kwamitin Sulhu nan take. A kan wannan akwai sharuɗɗa biyu da aka daɗe da amincewa da su: martanin ya zama na larura, kuma kada ya zarce abin da ake buƙata don tunkuɗe harin. Littafin San Remo na 1994, wanda masana shari'a da hafsoshin ruwa suka tattara ƙa'idojin yaƙin teku a cikinsa, ya nanata su. Littafin ba yarjejeniya ba ce da ƙasashe suka sa wa hannu, sai dai rundunoni da dama na komawa gare shi.

Kakkaɓo makamin da ya riga ya taso babu gardama a kansa, domin babu larurar da ta fi wannan bayyana. Wahalar tana wajen lokaci. Makami mai linzami samfurin kuruz yana tafiya ƙasa-ƙasa dab da fuskar ruwa, kuma saboda lanƙwasar doron duniya na'urar rada ta jirgin ba ta hango shi sai ya matso. Wanda ke gudun da ya kusa na sauti, idan aka gano shi a nisan kilomita 30, bai kai minti biyu ba zai iso. Samfurin balistik kuwa sama yake lulawa kafin ya rikito da gudun da ya ninka na sauti, shi ya sa ake hango shi da wuri amma tare shi ke da wuya. Tsarin Aegis na sojan ruwan Amurka, wanda ke haɗa rada da makaman kakkaɓo hari, da makamansa irin su SM-3 da SM-6, da bindigar Phalanx mai tare abin da ya kuɓuce a kusa, duk don cin ribar waɗannan daƙiƙu aka ƙera su.

Abin da ƙarancin lokaci ke haifarwa an gan shi sau biyu a Tekun Fasha. A watan Mayun 1987 jirgin yaƙin Iraƙi ya harba makaman Exocet biyu kan jirgin ruwan Amurka mai suna Stark, wanda bai harba komai don kare kansa ba, sojoji 37 suka mutu. Bayan haka aka ƙarfafa wa kwamandoji gwiwar kada su jira a buge su. A ranar 3 ga Yulin 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes, mai ɗauke da Aegis, ya harbo jirgin fasinjan Iran da ya tashi daga Bandar Abbas zuwa Dubai, bisa zaton jirgin yaƙi ne samfurin F-14, alhali yana kan hanyar jiragen fasinja kuma yana ƙara hawa sama. Mutum 290 suka rasu, ciki har da yara 66. Iran ta kai ƙara Kotun Duniya, aka sasanta a 1996, Amurka ta biya iyalai dala miliyan 61.8 ba tare da ta amsa laifi ba. A ganina nan ne zuciyar dokar take: gaggawa ba ta ɗauke wa kwamanda nauyin tantance abin da zai harba. Littafin San Remo ya ce idan aka yi shakka kan jirgin da doka ta ba kariya, to a ɗauka ba aikin soja yake yi ba, kuma ƙarin da aka yi wa Yarjejeniyar Chicago ta zirga-zirgar jiragen saman farar hula a 1984 ya hana ɗaga makami kan jirgin farar hula da ke cikin tafiya.

Sai kuma batun bin sawun makami zuwa inda ya fito, wanda hukuncinsa ya fi tsauri. A Oktoban 1987 makami mai linzami ya bugi tankar mai ta Sea Isle City mai ɗauke da tutar Amurka a ruwan Kuwait, Amurka ta mayar da martani kan dandamalin haƙar man Iran a teku. A 2003 Kotun Duniya ta yanke cewa wannan bai cika sharuɗɗan kare kai ba, saboda hujjojin da aka gabatar ba su tabbatar da cewa Iran ce ta harba ba, kuma ba a nuna larurar bugun dandamalin ba. Wato nauyin kawo hujja na kan wanda ya ce kansa yake karewa.

Gardamar ta dawo da 'yan Huthi na Yaman suka fara harbin jiragen ruwan kasuwanci a Bahar Maliya a ƙarshen 2023. A ranar 10 ga Janairun 2024 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2722 da ƙuri'a 11, Rasha da Sin da Aljeriya da Mozambik suka ƙaurace. Ƙudurin ya yi la'akari da haƙƙin ƙasashe na kare jiragensu daidai da dokar ƙasa da ƙasa, amma bai ba da izinin kai hari cikin Yaman ba. Da Amurka da Birtaniya suka fara luguden wuta a can kwana biyu bayan haka, Sashe na 51 suka kafa hujja da shi, Rasha kuma ta ce sun wuce gona da iri. Tarayyar Turai ta zaɓi wata hanyar: rundunar Aspides da ta tura a Fabrairun 2024 an ba ta ikon rakiyar jirage da kakkaɓo abin da aka harbo musu, ban da kai hari a kan tudu.