Taron masoya almarar kimiyya: tambayoyin da 'yan fadarmu suka yi mini

A fadarmu da ke Zongo, nan Damagaram, akwai samari huɗu da suka shiga adashe tun bayan sallar layya. Ba babur za su saya ba, ba kuma lefe suke haɗawa ba. So suke su je taron masoya almarar kimiyya, wato labaran nan na jiragen sararin samaniya da mutum-mutumi mai tunani da duniyar da ba ta zo ba tukuna. Da yake na girme su, kuma na daɗe ina bin labarin irin waɗannan taruka, kullum aka ɗora shayi sai tambaya ta taso. Ga waɗanda suka fi maimaitawa.

Yaya, wai me ake yi a wurin? Kallon fim ne?

Ana nuna fim, amma shi ne ƙaramin abin da ke kai mutane. Ka ɗauka fada ce aka faɗaɗa ta har ta cika babban ɗakin taro da otal-otal ɗin da ke kewaye da shi. A lokaci guda za ka tarar da zaure goma ko fiye, kowanne da maganar da ake yi: nan marubuta huɗu ko biyar sun zauna gaban jama'a suna gardama kan yadda ake ƙirƙiro harshen mutanen wata duniya, can wani masanin taurari yana bayani kan duniyar Mars, gaba kaɗan wata marubuciya tana karanta babi daga littafinta. Akwai babban zauren 'yan kasuwa mai littattafai sababbi da tsofaffi, da mujallun zane, da riguna. Akwai wurin baje zane-zane, da layin masu jiran marubuci ya sa musu hannu a littafi.

Wanda ya fi burge ni shi ne ɗan zaman nan da ake shiryawa da marubuci, mutum kamar goma a tebur ɗaya, ana shan kofi ana hira ta awa guda. Rubuta suna ake yi tun da wuri, in gurbi ya cika shi ke nan. Ɗan Damagaram ba sai an koya masa wannan zama ba, kofi ne kawai ya maye gurbin shayi.

Wa ya fara shi?

Masu karatu ne suka fara, ba kamfani ba. A 1926, shekarar da Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar Nijar daga nan Zinder suka kai Yamai, wani mutum mai suna Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka, wadda ba ta buga komai sai irin waɗannan labarai. Yana buga wasiƙun masu karatu haɗe da adireshinsu. To, yaron da yake zaton shi kaɗai ne mai wannan hauka a garinsu sai ya ga ashe akwai irinsa a wasu garuruwa. Suka fara rubuta wa juna, suka kafa ƙungiyoyi, suka riƙa buga 'yan mujallunsu na hannu. Daga ƙarshe suka ce bari dai mu ga fuskokin juna.

A watan Yuli na 1939 aka yi taron duniya na farko a birnin New York, mutum kusan 200 suka halarta. Shi ne ake kira Worldcon har yau. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da shi daga 1942 zuwa 1945, daga nan bai sake fashi ba. Ko a 2020, lokacin korona, ta intanet aka yi. Har yanzu 'yan sa kai ne ke shirya shi, kuma ba shi da gari na dindindin. Mambobi ne ke kaɗa ƙuri'a su zaɓi garin da za a je bayan shekara biyu. Haka ya je Yokohama ta Japan a 2007, Helsinki a 2017, Dublin a 2019, Chengdu ta Sin a 2023, Glasgow a 2024, Seattle a 2025. Bai taɓa zuwa Afirka ba.

A nan ne ake ba da kyautar Hugo, wadda aka fara a 1953, sunan mai mujallar can aka sa mata. Siffar roka gare ta, kuma kowace shekara masu masauki kan ƙera mata gindi na daban. Ba wasu alƙalai ke zaɓen gwani ba, mambobin taron ne da kansu.

Shi ne Comic-Con ɗin da muke gani a TikTok?

A'a, ƙanen babansa ne dai. Comic-Con na birnin San Diego a Amurka ya fara a 1970 a matsayin taron masoya mujallun zane, yanzu kuma mutum fiye da 130,000 ke cika shi kowane watan Yuli, manyan kamfanonin fim na zuwa tallar abin da za su fitar. Can za ka ga taurarin fim, daga nesa, bayan ka sha layi. Worldcon kuwa 'yan dubbai ne, kwana biyar, galibi a watan Agusta, kuma littafi ne sarki. A Worldcon ba tikiti ake cewa ka saya ba, zama mamba ka yi, don ana sa ran kai ma ka sa hannu, ko da jera kujeru ne. In ra'ayina kuke so, mai son hoto ya nufi irin na farko, mai son hira ya nufi na biyu.

To wanne ya fi kusa da mu?

Legas. Tun 2012 ake yin Lagos Comic Con, kuma a 'yan shekarun nan wajen watan Satumba yake faɗowa. Ya fi karkata ga zane da katun da wasannin kwamfuta, kuma a nan za ku ga matasan Najeriya masu zana jarumai baƙar fata da labaran da suka tsiro daga gida. Hanya kun san ta: Matamaye, Ɗan Barto, Daura, Kano, kilomita 240 ko kusa da haka, sannan doguwar tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas. Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, a Janairun 2025, kada ku dogara da labarin wanda ya ƙetare bara; ku tambayi takardun da ake nema a iyaka a makon da za ku tashi, ku riƙe katin rigakafin shawara.

Akwai Comic Con Africa da aka fara a Johannesburg a 2018. Ga mai jin Faransanci kuma akwai Utopiales a birnin Nantes na Faransa, tun shekarar 2000, a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, inda ake haɗa marubuta da masana kimiyya a dandali ɗaya. Amma waɗannan maganar jirgi da biza ce, adashen mutum huɗu ba zai kai can ba.

Shigar nan da suke yi, dole ce? Mu fa kunya muke ji.

Ba dole ba ce. Yawancin mahalarta da kayansu na kullum suke zuwa. Amma kunyar ce ta ba ni dariya, don in akwai garin da bai kamata ya ji kunyar wannan ba, to Damagaram ne. Mu ne fa masu wasan kara, inda saurayi zai yi shigar shugaba ko gwamna ko babban soja, ya kwaikwayi tafiyarsa da muryarsa, a yi masa rakiya, gari ya fito kallo. Ga tashe cikin azumi, yaro ya liƙa gemun auduga ya cusa tsumma a ciki ya zama tsoho. Kuma tun 1966 Mustapha Alassane, ɗan Nijar, ya yi fim kan wani saurayi da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka saka suka hargitsa ƙauye. Abin da Japanawa suka laƙaba wa suna kosple ke nan: ka sa kayan wani jarumin labari, ka zama shi na yini guda. Ko a taron 1939 an samu mutum biyu da suka zo cikin shigar mutanen gobe.

Akwai ladabinsa. Ba a ɗaukar mutum hoto sai an nemi izininsa, ba a taɓa shi ko kayansa, mace ce ko namiji, ko wace irin shiga ya yi. Takobi ko bindigar wasa sai masu tsaro sun duba sun ɗaura mata alama, na ƙarfe kuwa yawancin taruka ba sa bari a shiga da shi. Ni dai shawarata, kada ku ɗauki ko bindigar roba ku bi hanyar Kano zuwa Legas; za ku gaji da bayani a shingen bincike. Kwali da gam da fenti a can ma akwai su.

Kuma in za ku yi shiga, me ya sa sai ta jarumin Amurka da mutum hamsin za su sako irinta? Ku dubi dogaran fadar Sarki da mahaya ranar hawan salla, lifidi da kwalkwali da rawani. Ku tambayi kanku yadda jikan jikan wannan dogari zai yi shiga in yana gadin ƙofar jirgin da ya nufi wata duniya. Telan unguwa da baduku za su iya fitar da ita.

Mu huɗu ne. Tare za mu riƙa yawo?

Nan ne abokai suka fi ɓata wa juna rai. An zo tare, sai a ga kamar cin amana ne a rabu, sai mutum huɗu su yini suna bin son ran mutum ɗaya. Mai son zane yana hamma a zauren masana taurari, mai son taurari yana tsaye yana jiran wani ya gama cinikin riga.

Ku samu jadawalin tun kafin ranar, kowa ya ja layi a ƙarƙashin abu biyu ko uku da ba zai yafe ba. Wanda kuka haɗu a kai ku je tare, sauran kowa ya kama gabansa. Ribar zuwa da yawa ke nan ma: zaure huɗu a lokaci ɗaya, da dare kowa ya kawo rahoto. Ku tsayar da wuri ɗaya da lokaci biyu na haɗuwa, misali bakin ƙofar shiga da azahar da kuma magariba, domin a cikin cunkoso layin waya kan toshe, caji kuma kan ƙare. Layi mai tsawo, ɗaya ya tsaya ɗaya ya nemo ruwa. In akwai mai jin nauyin magana a cikinku, kada a bar shi shi kaɗai a ranar farko, amma kada kuma a riƙa amsa tambaya a madadinsa.

Tsofaffin 'yan taro suna da wata ƙa'ida da suke kira 6-2-1: barcin awa shida, abinci sau biyu, wanka sau ɗaya, kowace rana. Ta ƙarshen ba mu ake wa ita ba, amma biyun farko su ne ke kayar da baƙo.

Kuɗi fa?

Kuɗin shiga shi ne mafi sauƙi. Mota da masauki da abinci su ne ke cin adashe. Ku kasa kuɗin uku. Na gamayya, wato mota da ɗaki, a hannun mutum ɗaya mai rubutawa. Na aljihu, kowa da nasa, kada wanda ya ƙarar da nasa a zauren 'yan kasuwa ya zo yana kallon na wani. Sai na komawa gida, wanda ba a taɓa shi ko da wa ya rantse. Zauren 'yan kasuwa a zaga shi sau ɗaya hannu cikin aljihu, sai a zagaye na biyu a saya. A yi canjin sefa zuwa naira tun a Kano, inda kuka san ido.

Salla da abinci?

A Legas masallaci da abincin halal ba abin nema ba ne, ga 'yan uwa Hausawa a Agege da Idi Araba da Obalende. A Turai ne sai ka tambayi masu shiri ko sun ware ɗakin natsuwa, ka riƙe 'yar dardumarka a jaka. Kilishi da dabino da ƙuli-ƙuli sun fi abincin cikin zaure araha, in dai dokar wurin ta yarda a shiga da su.

Turancinmu ba shi da ƙarfi. In aka ce me Hausawa ke da shi a wannan fanni, me za mu ce?

Turanci mai ɗingishi ya isa sayen littafi da gaisawa, zane kuwa ba ya neman tafinta. Amsar tambayar kuma tana nan. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. Da Hausa aka rubuta shi, ba fassara ba ce. Ku nemi kwafi a Kano ku tafi da shi. A faɗin Afirka kuma akwai kyautar Nommo da ƙungiyar marubutan wannan fanni ta fara bayarwa a 2017, sunan daga tatsuniyoyin Dogon na Mali aka ɗauko shi. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci Hugo a 2016 da littafinta Binti.

In tafiyar ba ta yiwu ba fa, Yaya?

Worldcon yana da rajistar wanda ba zai je ba, wajen dala 50. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba, kada wani ya zo mini da ɗari biyu da hamsin. Da ita kana da ƙuri'a a zaɓen Hugo, kuma an saba aiko wa masu zaɓe da yawancin ayyukan da suka kai zagayen ƙarshe su karanta a waya. Tarukan baya-bayan nan kuma suna da rajistar kallo ta intanet. Mutum ɗaya ya yi rajista, ƙuri'ar tasa ce shi kaɗai, amma ba wanda ya hana fada ta tafka gardama kafin ya kaɗa ta.

Ƙaramin cikinsu da ya ji haka bai ce komai ba. Washegari sai ga shi da kwalin firiji daga Kasuwar Dole, ya ce kwalkwalin dogarin zai fara yankawa, ko an je Legas ko ba a je ba yana da inda zai saka shi ranar wasan kara. Saura zubi uku adashen ya zagayo.