Jariran ɓeraye da raunin laka: tambayoyin da na gaji da amsawa

Me ya sa masu binciken raunin laka suke aiki da jarirai, manyan ɓeraye sun ƙare ne?

Saboda jaririn yana warkewa, babba kuwa sai tabo. A 2020 ɗakin binciken Zhigang He na Asibitin Yara na Boston ya nuna cewa idan aka matse lakar ɓeran da ya kwana 2 a duniya, wurin yakan haɗe ba tabo, zaren jijiyoyi su ratsa su wuce. Kafin ya cika mako guda wannan baiwa ta fara gushewa. Abin da ke kulle ta ake farauta.

Ina ƙwayoyin gado suka shigo?

Ana ɗaukar bairas mai suna AAV, a kwashe kayan cikinsa, a ɗura masa ƙwayar gadon da ake so, a yi allura. Da shi ake kunna wata ƙwaya ko a kashe ta, ko a rina jijiya kore don a bi sawunta. Cikinsa ƙarami ne, haruffan DNA kusan 4,700 kawai yake ɗauka.

Bairas? Ba zai sa musu cuta ba?

A'a. An cire abin da yake hayayyafa da shi. Ku kwantar da hankalinku.

Uwar ba ta cinye su bayan tiyata?

Takan yi, shi ya sa ake lallaɓawa. Jaririn kwana ɗaya ko biyu da sanyin ƙanƙara ake sa shi barci, a gama aiki, a ɗumama shi har jikinsa ya koma ja, a goga masa shimfiɗar sheƙarsu don warin gida ya kama shi, sannan a mayar.

Idan ɓeran ya girma yana tafiya, ba shi ke nan maganin ya yi aiki ba?

To, a nan ake zamewa, kuma har masu rubuta labaran kimiyya ba su tsira ba. Mai yiwuwa ya yi, mai yiwuwa bai yi ba. Ɓera ana haifarsa lakarsa ba ta gama haɗuwa ba: wasu jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa sai cikin makonni biyun farko suke isa ƙasan baya. Ke nan zaren da ka gani bayan raunin ba lallai wanda aka yanke ne ya toho ba, ƙila baƙo ne da ya iso a makare ya sami hanya. Sannan tun shekarun 1970 aka san ɓeran da aka datse wa laka yana jariri yakan iya taka ƙafafun baya ko da babu abin da ya haɗe, domin ƙasan lakar tana da nata tsarin sarrafa taku. Ga kuma matsalar lokaci: AAV yakan ɗauki kwanaki, har makonni, kafin ya kankama, alhali damar jaririn tana rufewa. A wani bincike na 2010, an kashe wata ƙwayar gado mai suna PTEN tun ɓerayen suna jarirai, aka ji musu raunin bayan sun girma, jijiyoyin suka toho. Aiki ne mai kyau, amma wane majinyaci ke zuwa asibiti kafin hatsari? Ni dai nakan tambaya: an yi wa jijiyar alama kafin a yanke ta? An sake yanke wurin an ga tafiyar ta ɓace? Mai auna tafiyar ya san wanda aka yi wa allura? Ko duk an cika waɗannan, "da alama" zan ce.

Me zai hana a kashe PTEN ɗin a jikin mutum?

Tana cikin masu taka wa ciwon daji birki. Ka sake tunani.

Amma na ji an yi wa yara irin wannan allura a Amurka.

Zolgensma kake nufi, wanda aka amince da shi a 2019 don yara 'yan ƙasa da shekara 2. Lallai da AAV9, wani nau'in AAV, aka yi shi, kuma tushensa gwajin jariran ɓeraye ne na 2009. Sai dai ciwon gado yake magancewa, SMA mai raunana tsokoki, ba laka da ta yanke ba. Kada a haɗa su.

Wani ya ce zai yi wa ɗan'uwana allurar ƙwayoyin gado ya tashi.

Babu irin wannan magani da aka amince da shi don raunin laka. Ka riƙe kuɗinka, ɗan'uwanka kuma kada ya bar atisayen da likita ya ɗora shi a kai.