Waiwaye: Yadda Masu Binciken Lafiyar Auratayya a Kano Suka Riƙe Juna

Maganar shimfiɗar aure ba baƙuwa ba ce a Kano. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji babin haila, janaba da idda ba tare da an sunkuyar da kai ba. Amma karatun zaure daban, a turo baƙo da takarda da biro ya tambayi matar aure sirrin ɗakinta daban. A wannan tsakanin masu binciken lafiyar auratayya suka daɗe suna lalube.

Likitoci ne suka fara. Tun shekarun 1980, aikin yoyon fitsari a Asibitin Murtala, wanda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi fice a kansa, ya tilasta tambayar da ba a saba yi ba: shekara nawa aka yi miki aure, kwana nawa kika yi kina naƙuda, mijin yana nan ko ya sake ki? Sai ga cutar ƙanjamau, wadda aka ba da rahoton ɓullarta a Najeriya a 1986. Bayan taron duniya kan yawan al'umma da aka yi a Alƙahira a 1994 kuma, kuɗin masu tallafi suka kwararo, ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su AHIP ta Kano suka duƙufa kan lafiyar matasa.

Daga nan ne ruwa ya dagule. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, sun bar tabo. Kalmar "bincike" kanta ta zama abin zargi, balle a haɗa ta da haihuwa. Ko manhajar makarantu da aka shirya kan ilimin jima'i sai da aka sake mata suna zuwa ilimin zaman iyali da ƙanjamau, bayan malaman addini sun ce ba su lamunta ba.

A ganina, nan ne zumuncin masu binciken ya samo tushe, ba a ɗakin taro ba. Abin da babba ke miƙa wa ƙarami shi ne harshe da ƙofa. Na taɓa ganin wata ɗaliba ta dawo daga wata unguwa a cikin birni, takardunta fayau, ido ya ciko. An fassaro mata tambayoyin daga Turanci ne kai tsaye, matar farko da ta karanta wa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce tuwonta na kan wuta. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta karɓi takardar, ta yi dariya.

"'Yata, ai ba a shiga gida ta taga. Ki fara da gaisuwa, ki tambayi yara. Kada ki ce jima'i, ki ce kwanciyar aure. In ciwo ne, ki ce sanyi. Kuma kin gaida mai unguwa kuwa?"

"Wallahi Anti, ban je ba."

"To, gobe da shi za ki fara."

Irin wannan ba ya cikin kundin kowa. Haka nan nauyin da mai bincike ke kwana da shi bayan ya saurari labarin fyaɗe ko na yarinyar da yoyo ya raba da miji. Alƙawarin riƙe sirri ya hana shi faɗa wa iyalinsa, sai abokin aikin da ya san zafin. Ga kuma tsegumi, musamman kan mace mara aure: me ya kai ta wannan fagen?

Yanzu an ɗan samu inuwa. Akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da kwamitinsa na tantance ɗa'ar bincike, akwai ACEPHAP, cibiyar binciken lafiyar al'umma a Jami'ar Bayero, ga zaurukan WhatsApp inda ake cigiyar mai fassara ko a raba sanarwar tallafi da tsakar dare. Dokar gwajin lafiya kafin aure da aka sa wa hannu a 2024 ta sa batun ya shigo bakin limamai da waliyyai. Sai dai har yanzu likitoci ne suka mamaye zaurukan. Masu nazarin halayyar al'umma da ke bin diddigin kayan mata ko rayuwar zawarawa galibi a gefe suke zama, kuma ba kasafai ake gayyato malamin fiƙihu tun ranar tsara tambayoyi ba, sai an zo neman izinin shiga unguwa.