Ma'aikatan Kamfani a Filin Tsere: Daga Ina Kuɗin Agajin Ke Fitowa?

Wanda ya taɓa kallon babbar gasar gudu a talabijin zai lura da gungun mutane sanye da riguna iri ɗaya masu tambarin kamfani, wasu na haki tun ba a yi nisa ba. Yawancinsu ma'aikatan ofis ne, sun fito da sunan tara kuɗi wa wata ƙungiyar agaji.

Mene ne ainihin abin da suke yi?

Kamfani ne ke haɗa tawaga daga cikin ma'aikatansa, ya yi musu rajista a gasar gudu, tseren keke, tattaki ko ƙwallo, abin da aka tara kuma ya tafi ga asibiti, gidauniyar bincike ko ƙungiyar jinƙai. Wasu gasannin ma don kamfanoni kaɗai aka kafa su. Wadda ake kira JPMorgan Corporate Challenge ta fara ne a birnin New York a 1977, nisanta kilomita 5.6 ne kawai, kuma yanzu ana yin ta a birane da dama, har da Frankfurt da Landan da Johannesburg. Akwai kuma masu wuya, kamar Oxfam Trailwalker ta Hong Kong, inda mutum huɗu ke takawa kilomita 100 cikin awa 48, kuma ana so su isa tare. Asalinta atisayen sojojin Gurkha ne, wato 'yan ƙasar Nepal da ke cikin rundunar Birtaniya, a 1981, kafin a buɗe ta ga jama'a a 1986.

To, ta yaya gudu ke zama kuɗi?

Gudun kansa ba ya haifar da ko anini. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton kuɗin rajista ne sadakar. A gasa da yawa kuɗin rajista a hidima yake ƙarewa: rufe tituna, motocin asibiti, ruwan sha, inshora, na'urar auna lokaci, lambobin yabo. Kuɗin gaske daga roƙo yake fitowa. Mai gudu ya buɗe shafi a intanet, a dandali irin su JustGiving, ya aika wa 'yan uwa da abokai da abokan ciniki cewa ga wahalar da zai sha, ga kuma dalilinta, su kawo abin da ya sawwaƙa. Gudun hujja ce ta buɗe baki. Mutumin da zai ji nauyin cewa "ku ba ni kuɗi in kai asibiti" ba ya jin nauyin cewa "zan yi gudun kilomita 42, ku mara mini baya".

Labarin Dakta Gordy Klatt ya nuna haka sarai. Likitan tiyata ne a Tacoma ta jihar Washington a Amurka. A watan Mayun 1985 ya shafe awa 24 yana zagaya filin tsere, yana gudu yana tafiya, har ya yi sama da mil 83. Abokansa kan biya dala 25 don su taka tare da shi na rabin awa. Ya tara dala 27,000 wa ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka. Da shekara ta zagayo, tawaga 19 ne suka fito, kowace tana karɓa-karɓa tsakanin mutanenta, kuma daga nan Relay For Life, tattakin tara kuɗin yaƙi da ciwon daji, ta samo asali. Tsarin karɓa-karɓar shi ya sa ta dace da wuraren aiki, tunda ba a buƙatar kowa ya zama gwani.

Me kamfani ke ƙarawa a kan abin da mutum ɗaya zai iya?

Abu mafi nauyi shi ne ninkawa. Kamfani ya yi alkawarin cewa duk abin da ma'aikaci ya tara, shi ma zai zuba daidai da shi, galibi zuwa wani adadi da ya ƙayyade. Kamfanin General Electric ne ya fara irin wannan tsari a 1954, a kan gudummawar da ma'aikatansa ke bai wa jami'o'in da suka yi karatu. Alkawarin ninkawa na sauƙaƙa roƙo ƙwarai, domin mai bayarwa ya san goman da ya bayar ashirin za ta zama.

Bayan haka akwai biyan kuɗin rajista, da ba da ranar hutu, da kuma jama'a: dillalai da abokan hulɗar kamfani kan ba da abin da ya fi na dangi kauri. Dokar haraji ma na taimakawa a wasu ƙasashe. A Birtaniya, ƙarƙashin tsarin Gift Aid, ƙungiyar agaji na karɓar ƙarin fam 25 daga hukumar haraji a kan kowane fam 100 da mai biyan haraji ya bayar daga aljihunsa. Wannan ƙarin na gudummawar ɗaiɗaikun mutane ne, kamfani kuwa hanyar rangwamensa daban ce.

Me ya sa wasu ƙungiyoyi ke gindaya wa mai gudu adadin da dole ya tara?

Saboda su ma saye suka yi. Gudun fanfalaki na Landan, wanda Chris Brasher da John Disley suka kafa a 1981, masu nemansa sun ninka guraben da ke akwai sau da yawa, har sai an yi ƙuri'a. Ƙungiyoyin agaji na sayen gurabe daga masu shirya gasar, sannan su bai wa wanda ya yi alkawarin tara wani adadi, sau da yawa fam 2,000 ko fiye. Idan mutum ya karɓi gurbi ya kawo abin da bai taka kara ya karya ba, ƙungiyar ce ta yi asara. Tsarin ya yi aiki: a 2019 jimillar abin da gasar ta tara tun kafuwarta ya haura fam biliyan 1, a 2024 kaɗai kuma an tara fam miliyan 73.5. Kamfanin da ya yi rajistar mutum goma a irin wannan gasa ya kamata ya san tun farko wa zai cike giɓi in an gaza.

Duk kuɗin na isa inda aka ce?

Ya danganta da wanda ya ɗauki nauyin hidimar. A tseren keke na Pan-Mass Challenge, wanda Billy Starr ya fara a 1980 a jihar Massachusetts, duk dalar da mahaya suka tara tana tafiya ga cibiyar ciwon daji ta Dana-Farber, domin masu ɗaukar nauyi da kuɗin rajista ne ke biyan hidima. A 2024 jimillarsu ta wuce dala biliyan 1. Wings for Life World Run, da aka fara a 2014, tana miƙa kuɗin rajistarta kacokan ga binciken raunin laka, kamfanin Red Bull kuma ya biya ɗawainiyar gidauniyar da ke karɓar kuɗin. (Ita wannan ba ta da layin ƙarshe. Mota ce ke tasowa rabin awa bayan masu gudu, duk wanda ta cim ma ya gama nasa.) Ba kowace gasa ce haka ba, kuma kashe kuɗi a kan shiri ba laifi ba ne. Abin tambaya kafin a shiga shi ne nawa ke saura bayan an cire hidima. Mai shiryawar da ya fara kame-kame a kan wannan tambaya, a yi hattara da shi.

Ba talla ce kawai kamfanin ke yi ba?

Talla na ciki, babu musu. Ga kuma ribar cikin gida: manaja da masinja na gumi a layi ɗaya, mutanen sassan da ba su taɓa gaisawa ba sun san juna. Ni ban ga aibu ba a ce mai bayarwa ma ya amfana. Inda nake ja shi ne idan kamfani ya kashe a kan riguna da masu ɗaukar hoto da liyafa fiye da abin da ya zuba a asusun, sannan ya ɗauki katon allon ceki ya tsaya gaban kyamara, alhali kuɗin da ke rubuce a kai na ƙannen ma'aikata ne da surukansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Gwajin mai sauƙi ne: a raba jimillar gida biyu, abin da ma'aikata suka roƙo da abin da ya fito daga baitulmalin kamfani, a faɗi kowanne a fili.

Ma'aikacin da ba ya iya gudu, ko ba ya so, fa?

Akwai raba ruwa a hanya, akwai riƙe lissafi, akwai tuƙa mota. Wanda kuma ya ce a'a, a bar shi. Idan shugaban sashe ne da kansa ke zagayawa da takardar gudummawa, ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ƙi ba ko da aljihunsa ya bushe, don haka ya fi kyau wani daban ya riƙe ta, kuma kada a liƙa sunaye da adadi a bango. Wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, ko yake da hawan jini ko ciwon zuciya, ya ga likita kafin ya fara atisaye, kuma doguwar gasa tana son shirin watanni.

Ba gara kowa ya ba da kuɗinsa kai tsaye a huta ba?

A lissafin takarda hakan ya fi arha, sai dai mutane ba sa bayarwa sai an tambaye su, kuma ba a tambaya sai da dalili da rana tsayayya. Shekarar 2020 ta gwada wannan. Annobar korona ta sa an ɗage gudun Landan daga Afrilu zuwa Oktoba, masu shirya gasanni suka ƙirƙiro wani abu da suka kira 2.6 Challenge, kowa ya yi motsa jikinsa a gida ya tara abin da zai iya. An yi ta yayata shi a kafafen labarai, aka samu sama da fam miliyan 11. Gudun shekarar da ta gabace ta, wanda aka yi a kan titi cikin taron jama'a, fam miliyan 66.4 ya tara.