Waiwaye: Daga Moses Malone zuwa Hakeem, gwarazan Houston Rockets

Duk lokacin da aka tayar da zancen gwarzon da ya fi kowa a tarihin ƙungiyar ƙwallon kwando ta Houston Rockets, matasan da suka fara kallon NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a waya sai su ce James Harden. Suna da hujja. Daga 2012 zuwa 2021 shi ne ƙashin bayan ƙungiyar, ya zama gwarzon gasar a 2018, kakar da suka ci wasa 65. Amma a wasa na bakwai, na raba gardama, da Golden State a zagayen fitar da gwani, Rockets ta yi harbin maki uku har 27 a jere ba ko ɗaya da ya shiga, kofin ya kuɓuce.

Asalin ƙungiyar ma a San Diego yake, a 1967, kafin ta koma Houston a 1971. Tun wancan zamanin dogaye take dogaro da su, in ban da Calvin Murphy, ɗan gajere mai zafin nama. Moses Malone ya zo a 1976, ya zama gwarzon gasar sau biyu a rigarta, ya kai ta wasan ƙarshe a 1981, Boston ta yi musu fintinkau.

Shi Malone ɗin ne ya riƙa gwabzawa da wani ɗalibi ɗan Legas, Hakeem Olajuwon, a filin atisaye na Fonde da ke Houston lokacin hutu. Yaron ya taso yana tsaron raga a ƙwallon ƙafa, bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai kusan shekara 15. A 1984 Rockets ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa, Michael Jordan ya zo na uku. Ƙafar nan ta mai tsaron raga ce ta zame masa makami: ya karkata dama, mai gadinsa ya yi tsalle, shi kuwa ya riga ya juya hagu ya saka ƙwallo.

A 1994 Hakeem Olajuwon ya haɗa kyautar gwarzon gasa, da ta gwanin tsaron baya, da ta gwarzon wasan ƙarshe, bayan sun doke New York a wasa na bakwai. Shekarar 1995 ce ta fi ratsa ni. Azumi ya kama a watan Fabrairu, yana wasa bakinsa da azumi, kuma shi aka zaɓa gwarzon wannan watan. Ƙungiyar ta shiga zagayen fitar da gwani tana ta shida a yankinta, ga tsohon abokinsa na jami'a Clyde Drexler ya dawo gida. Suka kawar da Utah, da Phoenix, sannan San Antonio, inda Hakeem ya yi wa David Robinson, gwarzon shekarar, wasan kura. Har yau babu wanda aka ƙirga ya kai shi tare ƙwallo a NBA, sau 3,830.

Yao Ming, dogon ɗan China da ya zo Rockets a 2002, ciwon ƙafa ya hana a ga iyakarsa.

Masu rage wa Hakeem daraja kan ce Jordan ya tafi hutu ne shi ya sa ya ci kofi. A 1994 haka ne. Amma Jordan ya dawo a Maris 1995, Orlando ta Shaquille O'Neal ta fitar da Chicago ta Jordan, ita kuma Orlandon Hakeem ya lallasa ta a wasan ƙarshe, wasa huɗu ba ko ɗaya, ya sake ɗaukar kofin.