Waiwaye: Jingar Haɗeja da kogin da ya daina ƙafewa

Da zarar watan Agusta ya raba, maganar jinga ce a bakin mutanen Haɗeja. Wasu su ce a ƙara mata tudu, wasu su ce tarin ƙasa ba zai yi ba sai an zuba kankare, wasu kuma maganarsu ɗaya ce: "Ai ruwan Tiga aka sako." Ana cikin wannan musu, matasa na can bakin kogi da tocila da shebur, suna ɗura ƙasa a buhuna suna jerawa duk inda ruwa ya fara tsattsafowa. Baƙon da ya ga irin wannan gayya ta dare a daminar 2020 ko ta 2022 zai ɗauka abin daga sama ya faɗo, alhali ya fi shekara arba'in yana tahowa.

Farkon labarin sananne ne. A lokacin farin da aka yi a farkon shekarun 1970 aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974, ta kogin Calawa ta biyo baya a 1992. Waɗannan koguna biyu ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim ya gangaro. Ruwan ya raya noman rani a Kadawa da Kura, birnin Kano ya samu na sha. An yi babbar ambaliya a 2001, an sake yi a 2018. Yawanci a nan masu ba da labari ke tsayawa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya samu kogin da rani. Kafin madatsun, kogin Haɗeja na damina ne. Ya cika ya batse a Agusta da Satumba, ya malale fadamu, sannan ya ja baya, har a wurare da yawa mutum ya tsallaka shi da ƙafa a kan rairayi. Wannan ƙafewa ita ce sharar kogin. Rana ta ƙone ciyawar da ta tsiro a cikinsa, shanu su tattake sauran, in sabon ruwa ya zo da ƙarfinsa ya kwashe lakar bara ya yi gaba da ita.

Da aka fara sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai wannan shara ta tsaya. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, shi ne abin da kacala ke so. Wanda bai san ta ba, ciyawa ce da ke fin mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero, irinta kamar auduga iska ke ɗauka. Saiwarta na tafiya ta ƙarƙashin taɓo tana fitar da sabon toho, shi ya sa in ka sare ta a saman ruwa, kafin ka juya ta dawo. Sai an yanke ta a ƙasan ruwa take shaƙewa ta mutu, wannan kuwa aiki ne na shiga ruwa har ƙirji da lauje.

Kacala na tare laka, laka na ba kacala wurin zama. A hankali cikin kogin ya riƙa cikowa. A gabashin Haɗeja, inda kogin ke rarrabuwa, tsohuwar hanyarsa da reshen Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ya bi reshen Marma zuwa tafkin Nguru. Sai ga abin mamaki: garuruwan wajen Guri da Kiri Kasamma gonakinsu na nutsewa, na ƙasa wajen Gashuwa kuma sun koma dogaro da ruwan kogin Jama'are. Masunta suka rasa hanyar kwalekwale. Tsuntsun jan baki ma ya samu masauki a cikin kacalar, daga nan yake tashi ya faɗa wa shinkafa.

To, ruwan da ya iso Haɗeja ya tarar gaba a cushe, ina zai je? Sai ya tsaya ya kumbura ya jingina da jinga, ba na kwana biyu ba, na makonni. Ƙasar da ta daɗe a jiƙe kuwa ta ƙasa take cinyewa, ba sai ruwa ya haura ta ba. A ganina shi ya sa tudun da ya isa shekaru goma da suka wuce yau bai isa ba: ana ɗaga jinga, gindin kogin ma yana ɗagowa.

A 'yan shekarun nan an kawo injinan yasa masu tafiya a kan ruwa, ƙauyuka kuma sun daɗe suna fita gayyar sare kacala, inda aka buɗe hanya ruwa na wucewa. Sai dai aikin na rani ne, lokacin da hankalin kowa ya kwanta. A watan Maris za ka ga buhunan bara a kan jinga rana ta cinye su, ƙasar na zubewa, can ƙasa kuma, inda a da ake tsallakawa da ƙafa, kacala na nan kore shar.