Wai mene ne "bakaf" ɗin nan da 'yan gem ke ta faɗa?

Sati biyu ke nan kalmar nan ba ta bar kunnena ba. A gidan gem na unguwarmu a Mabera bakaf, a guruf ɗin WhatsApp bakaf, har wani mai gabatar da shiri a rediyo na ji yana cewa wai duk wanda ya sayi faifan gem yana da "bakaf kyauta a intanet", ko faifan ya lalace sai ya je ya sauke abinsa. Wallahi raina ya ɓaci, don na san yaran da za su ji wannan magana su saki jiki, su bar faifan da suka daɗe suna tara wa kuɗi yana yawo cikin ƙura da zafin Sakkwato.

Kalmar Turanci ce, "backup", wannan kowa ya sani. Abin da take nufi shi ne wanda ke tsaye a bayanka, in na gaba ya faɗi shi ya karɓa. Safayar taya ke nan. Ka tashi daga Sakkwato za ka Illela, ka wuce Kware, kafin Gwadabawa taya ta yi faci, in safaya na cikin but ɗinka ka sa jak ka ɗaura ka ci gaba da tafiya, ba ka nemi izinin kowa ba. To yanzu a ce wanda ya sayar maka da motar ya ce ya ba ka safaya kyauta amma tana ajiye a shagonsa, duk ranar da kake so sai ka kira shi ya duba sunanka a littafi, in kuma wata rana ya rufe shagon shi ke nan. Ko ya ce ga ta nan a but ɗinka, amma ba ta ɗauruwa sai in tsohuwar tayar lafiyarta lau. Tsakani da Allah wa zai kira wannan safaya?

Wannan na biyun shi ne ainihin abin da ke faruwa a na'urorin gem na PS4 da PS5. In ka sa faifai, na'urar na kwashe wasan zuwa memorinta, sai yaro ya ga hoton wasan a allo ya ce ai yana da bakaf. Cire faifan ka danna ka gani. Ba zai tashi ba, zai ce ka mayar da faifai, saboda faifan shi ne makulli, kwafin da ke ciki don saurin lodi aka yi shi. Haka ma wasannin PS4 da aka ba da na PS5 ɗinsu kyauta, in da faifai ka saya dole faifan ya zauna a ciki duk sanda za ka buga, shi ya sa wanda ya sayi PS5 marar wurin faifai, irin wadda ta fito tun 2020, faifansa na PS4 ba su da wani amfani a cikinta.

Akwai kuma bakaf ɗin PlayStation Plus, tsarin rajista na masu PS4 da PS5, da wasu ke ruɗewa da shi. Wancan inda ka tsaya a wasa yake ajiye maka, ba wasan kansa ba, kuma biya ake yi.

Sai wanda ya fi damuna. Masu loda wasanni a kasuwa, waɗanda ke fasa makullin na'ura su cika ta da ƙwallo da dambe da tsere, su ma bakaf suke kiran abin da suke lodawa. Wani ƙanena ya kawo mini na'urarsa yana murna wai "Yaya, an sa mini bakaf 15". Na ce masa Malam, bakaf ɗin me? Faifai nawa ka taɓa saya? Ko ɗaya. Ai ba a yin safaya ga motar da ba ka da ita. Ban ce ban san dalilin da ya sa ake yi ba, faifan asali ya yi tsada ga aljihun yawancinmu, amma a kira abin da sunansa, kwafi ne na wasan da ba a saya ba.

To me ya hana kamfanonin su ba da na gaske? A ganina ya kamata su ba da, mutum ya biya kuɗinsa, kuma an taɓa yi a wani fanni, tun 2013 Amazon ta fara ba wanda ya sayi faifan waƙa kwafin MP3 kyauta. Amma gem na da matsala ɗaya, ana sayar da faifai na hannu. In an ba ka kwafin da ke tashi ba faifai, gobe ka sayar da faifan ko ka ba abokinka, wasa ɗaya ya zama biyu. Microsoft ta gwada warware wannan a 2013 lokacin na'urarta Xbox One, ta ce za a ɗaure faifai da akawun ɗinka ka buga ba tare da shi ba, amma na'urar sai ta leƙa intanet duk awa 24, kuma aro da sayarwa sai da sharaɗi. Mutane suka yi ca, kafin na'urar ta fito kamfanin ya janye. Ni da nake garin da wuta da netwok ke zuwa su ɗauke na ga dalilinsu ƙwarai.

Kuma ko an ba ka kwafin dijital a akawun, har yanzu safayar na shagon dillali. Izinin bugawa ne aka ba ka, shi ya sa jihar Kalifoniya a Amurka ta yi doka a 2024 cewa dole shagunan intanet su bayyana wa mai saye cewa lasisi yake biya wa kuɗi. A shekarar ce kuma kamfanin gem na Ubisoft ya kashe sabar wasan tseren mota The Crew, wato kwamfutocinsa da wasan ke haɗuwa da su ta intanet, a ƙarshen Maris, wasan da ya fito a 2014, har masu faifai a hannu suka kasa buga shi. Ga kuma kuɗin data, faifan PS5 na iya ɗaukar har gig 100, wanda ya ce maka sauke wannan "kyauta" ne bai taɓa sayen data da kuɗinsa a nan ba.

Inda na san kalmar ta cika ma'anarta shi ne GOG, shagon wasannin kwamfuta na ƙasar Foland. In ka saya suna ba ka fayil ɗin girkawa ka sauke ka ajiye a filash ko wata ma'ajiya taka, ba makulli a jikinsa, ba ya neman intanet kafin ya tashi. Ajiya maganin wata rana da ake faɗa, irin wannan ce.

Shi ƙanen nawa ya tara kuɗi zai sayi faifansa na farko na asali, mai shago ya ce masa wai da bakaf yake zuwa. Na ce ya koma ya ce a gwada a gabansa, a cire faifan, a kashe intanet, a danna wasan. Ya je jiya da la'asar, bai tashi ba. Ya dai sayi faifan, yanzu yana cikin kwalinsa a durowa, nesa da taga.